Ra'ayinmu: Zuwa da Kai Ya Fi Saƙo

 

Sharhinmu na wannan fitowa ya tsaya ne a kan wurare biyu da ake yanke shawarar da ta shafi tuwon gidajenmu. Na farko shi ne zaman ƙungiyar masu ban ruwa, inda ake tsara ranar da ruwa zai shiga gonar kowa, da ranar yashe kanal, da kuɗin da kowane manomi zai biya. Na biyu shi ne ƙaramar hukuma, tun daga ƙofar mai unguwa da dagaci har zuwa wurin kansila da sakatariya. A 'yan shekarun nan an sauko da nauyi mai yawa zuwa waɗannan wurare biyu, amma sau da yawa idan aka duba masu zama, sai a tarar babu mutanenmu a ciki. Daga baya kuma sai a ji gunaguni a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, cewa an yi rabo ba a tuna da mu ba. Abin da muke so mu faɗa a fili shi ne, jama'a 'yar kaɗan irin tamu ba ta da abin da ya fi mata ta halarci zama da ƙafarta, ta sauke haƙƙin da ke kanta, sa'an nan ta yi tambaya cikin ladabi. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo.

Yadda ruwan ya zo mana

Matasanmu da yawa sun tashi sun tarar da kanal yana gudu, har wasu na ɗauka haka ƙasar take tun fil azal. Dattawa kuwa sun san lokacin da rani ke nufin zaman gindin bishiya ko tafiya cin rani birni. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, aka kuma gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da babban fari ya addabi Arewa da ƙasar Nijar. An gina ta ne domin ta ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, daga nan aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Tsarin farko ya nufi shayar da hekta 22,000, amma abin da aka iya gyarawa bai wuce kimanin hekta 15,000 ba.

Albarkar wannan aiki ita ce ruwan yana gangarowa ne da kansa, ba ya bukatar inji. Yana fitowa daga Tiga, ya bi babban kanal ta Ruwan Kanya, ya rabu reshe biyu, ɗaya ya nufi ɓangaren Bunkure, ɗaya kuma Kadawa da Kura, daga nan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya kai bakin gona. Sai dai wannan albarka tana tafe da sharaɗi. Duk abin da na sama ya yi, na ƙasa ne ke shan sa. In mai gona kusa da geti ya toshe hanya da dare, ko ya fasa gefen kanal domin ya sha fiye da rabonsa, to shukar wanda ke ƙarshen layi ce za ta bushe, ko Musulmi ne ko Kirista. Ruwan nan bai taɓa tambayar addinin mai gona ba. Har ila yau, abin da ya rage daga gare mu shi ne ke gangarawa Wudil, Haɗeja, Nguru da Gashuwa, inda wasu bayin Allah masu noma, kiwo da su suke jiran sa.

Kowa ya san yadda aikin ya lalace a shekarun da aka bar shi babu gyara. Laka ta cika hanyoyi, ciyawar kachala ta toshe magudanai, ƙofofin ƙarfe suka yi tsatsa, wasu gonaki suka jiƙe har suka daina ba da amfani, wasu kuma ruwa ya daina isa gare su. Manoman ƙarshen layi suka koma sayen injin ban ruwa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san abin da tayar da inji ke ci wa aljihu. Dattawa ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 ba, mun kuma ga abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumba na 2024. Abin da hannun mutum ya gina, in ba a kula da shi ba, ranar kuka na zuwa.

Kanal ya koma hannun manoma

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 500 domin shirin gyaran noman rani da aka sani da TRIMING, wanda ya shafi aikinmu na Kogin Kano, da na kwarin Haɗeja, da Bakalori a Zamfara, da wasu wurare. Mu lura, rance ne, wato 'ya'yanmu da jikokinmu suna cikin masu biya. An yashe hanyoyi, an gyara ƙofofi da hanyoyin mota na cikin gonaki. Amma babban abin da shirin ya kawo shi ne sauyin wanda ke ɗauke da nauyi. Manufar ita ce hukuma ta riƙe madatsa da manyan hanyoyin ruwa, su kuma manoma, ta hannun ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su ɗauki nauyin ƙananan hanyoyi, su tsara rabon ruwa, su tara kuɗin ruwa domin gyara.

Ma'anar wannan ga talaka ita ce, zamanin da ake cewa kanal na gwamnati ne ya wuce. Ƙungiyar ce ke da rajistar sunaye, ita ke zaɓen shugaba da ma'aji, ita ke sa ranar aikin gayya, ita ke sasanta rigima tsakanin na sama da na ƙasa. Sau da yawa kuma idan tallafin iri ko taki ko rance ya zo, ta hannun ƙungiyoyin manoma ake bi. Wanda sunansa ba ya cikin littafi, ko yana da gaskiya, da wuya a ji muryarsa.

Saboda haka muna tambayar kowane magidanci a cikinmu da ke da gona a cikin aikin: sunanka yana cikin rajista? Ka biya kuɗin ruwan bana? An ba ka rasit, ka kuma adana shi? Ranar da aka fito yashe, an ga fartanyarka da shebur ɗinka, ko kuwa ka aika yaro ɗan shekara goma ya tsaya maka? Waɗanda suke noma a gonar haya ko aro ko jingina, su zauna da mai gona tun kafin shuka su san wanda zai biya kuɗin ruwa, a kuma rubuta a gaban shaidu. Gwauraye mata da marayu da suka gaji gona, dattawan ikilisiya su raka su a tabbatar an sauya suna a littafi, gama irin waɗannan ne ake fara mantawa da su.

Haɗuwa wuri ɗaya tana da amfani har a wajen ciniki. A 2016 ƙwarin tumatir da manoma suka sa wa suna Sharon ya share gonaki a wannan yanki, a shekarar da kamfanin sarrafa tumatir na Dangote ya fara aiki a Kadawa. Kamfanin ya yi ta buɗewa yana rufewa a shekarun da suka biyo baya saboda ƙarancin tumatir da rashin daidaitawa kan farashi. Manomin da ya ɗauki kwandonsa shi kaɗai ya nufi Kwanar Gafan a lokacin da kaya suka yi yawa, abin da dillali ya faɗa shi ne farashi. Haka ma iyayenmu mata masu turara shinkafa suna kai wa injinan casa na Kura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ke wuyan ƙaramar hukuma

Yanzu mu juya ga wuri na biyu. Tsarin ƙananan hukumomi da muke da shi ya samo asali ne daga gyaran da aka yi a 1976. Ƙasarmu tana da ƙananan hukumomi 774, Jihar Kano ita kaɗai tana da 44, da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansila ɗaya. A ƙidayar 2006 an lissafa fiye da mutum 140,000 a Kura, da fiye da 170,000 a Bunkure, kuma kowa ya san jama'a sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Mutumin Karfi, Dan Hassan, Gundutse ko Kosawa yana da kansilansa, haka ma na Barkum, Gurjiya, Kumurya ko Gafan. Tambaya ita ce, mutum nawa ne a cikinmu suka san sunan nasu?

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma a jadawali na 4. A ciki akwai kasuwanni da tashoshin mota, hanyoyin karkara da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa, mutuwa da aure, da kuma samarwa da kula da maƙabartu. Haka nan ƙaramar hukuma tana da hannu a ilimin firamare, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ba ta ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a kan filayen da ke wajen birane. Ita ce kuma ke ba da takardar shaidar asali, wadda yaranmu ke bukata wajen neman makaranta da aiki.

Mu dubi jerin nan da idon ƙauye. Kwalbatin da ta karye, wadda ke hana mota ɗauko shinkafa da damina, aikin ƙaramar hukuma ne. Ajin firamaren da iska ta yaye rufinsa, da asibitin sha-ka-tafi da babu ungozoma da dare, da rijiyar burtsatse da ta mutu shekara biyu, duk suna ƙarƙashin idonta. Cutar tsargiya da ke sa yaranmu fitsarin jini tana fitowa ne daga ƙananan dodon koɗi da ke zama a ruwan da ba ya gudu sosai, inda yara ke wanka. Ana raba maganinta kyauta ta makarantu da ma'aikatan lafiya, amma ƙauyen da ba shi da wakili a kwamitin lafiya na mazaɓa, yakan ji labarin rabon ne bayan an gama. Batun maƙabarta kuwa ya shafe mu kai tsaye, domin ikilisiyoyi da dama suna binne matattunsu a filin da wani dattijo ya bayar da baki shekaru masu yawa da suka wuce, babu takarda, babu alamar iyaka. A ƙasar da kowane taku na gona ya zama kuɗi saboda noman rani, alkawarin baki yakan mutu tare da mai shi.

Sashe na 42 na kundin ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko asalinsa, sashe na 14 kuma ya bukaci a tafiyar da ƙaramar hukuma ta yadda za a yi la'akari da dukan jama'ar da ke cikinta. Waɗannan dokoki suna nan a rubuce, amma doka ba ta da ƙafar da za ta taka zuwa sakatariya. Mutum ne ke ɗaukar ta.

Hukuncin 2024 da abin da ya biyo baya

Tun 2004 ana ware wa ƙananan hukumomi kashi 20.60 cikin 100 na asusun Tarayya. Shekaru da yawa kuɗin yana bi ne ta asusun haɗin gwiwa na jiha, sau da yawa kuma kantomomin riƙo ne ke zaune a kujerar zaɓaɓɓu. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma. Bayan haka jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe. Kano ta yi nata ranar 26 ga Oktoba, 2024, inda jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin ta lashe dukan kujerun ciyaman 44 da na kansila 484, kamar yadda jam'iyyar da ke mulki a 2021 ta kwashe duka a zaɓen wancan lokaci. Har cikin 2025 ana ta kai-komo a faɗin ƙasa kan yadda za a aiwatar da biyan kuɗin kai tsaye.

Ba ma goyon bayan wata jam'iyya a wannan shafi, kuma ba ma ruɗin kanmu cewa hukuncin kotu zai gyara kwalbati. Abin da muke gani shi ne, duk lokacin da kuɗi ya matso kusa da ƙauye, masu sa ido ma ya kamata su matso. Kuɗin da ya tsira daga hannun wani babba a birni yana iya narkewa a hannun wani ƙarami a sakatariya, muddin babu mai tambaya. Kansila maƙwabcinmu ne, mun san gidansu, muna haɗuwa a kasuwa da wurin jana'iza da suna. Ya fi sauƙi a tambaye shi abin da aka sa wa mazaɓarsa a kasafin kuɗin shekara fiye da a tambayi wanda ke Abuja.

Dalilan da ake bayarwa na ƙin zuwa

Mun san amsoshin da akan bayar, kuma ba mu raina su ba. Wasu sukan ce mu kaɗan ne, ƙuri'armu ba ta kai ta kawo komai ba. Gaskiya ne ba mu da yawa. Amma a zaman ƙungiyar ruwa na mutum talatin ko arba'in, mutum biyar da ke zuwa kullum, suna biya a kan kari, suna riƙe da rasit, sun fi ɗari da ke gida nauyi. A garuruwa da dama an sha ba wa ɗan ikilisiya riƙon littafi ko kuɗin ƙungiya saboda an san shi da riƙon amana da iya rubutu. Wannan suna mai kyau iyayenmu ne suka bar mana, kada mu bar shi ya ruɓe a ɗaki.

Wasu sukan ce siyasa ƙazanta ce, mai bi ba ya shiga. Ba mu ce kowa ya tsaya takara ba, ba mu kuma ce a mai da bagadi dandalin kamfe ba. Zaman kwamitin makaranta, ko na lafiya, ko na sasanta manoma da makiyaya, hidimar maƙwabci ce, wadda ita ce muke wa'azinta kowace Lahadi. Idan masu tsoron Allah, Musulmi da Kirista, suka janye daga irin wannan zama, to sun bar wa marasa tsoron Allah fili.

Wasu sukan ce ana sa taro ranar Lahadi da safe. Wannan yana faruwa, amma galibi domin babu wanda ya taɓa faɗa. Maƙwabtanmu ba sa sa taro lokacin sallar Juma'a, kuma mun tabbata mafi yawansu za su fahimta in dattijo ya je wurin mai unguwa ko shugaban ƙungiya ya roƙi a mai da zaman bayan la'asar. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, in bai faɗa ba na waje ba zai sani ba.

Wasu kuma sukan ce mun taɓa zuwa, ba a saurare mu ba, har an faɗa mana magana mai zafi. Wannan ciwo ne na gaske, kuma akwai waɗanda suka daɗe suna bin takardar fili ko ta shaidar asali ba su samu ba. Amma mu tuna talakan Musulmi da ke ƙarshen layin kanal shi ma an sha ƙin sauraron sa. Yawancin abin da ke damun mu shi ke damun sa: ruwa, taki, hanya, magani, malamin makaranta. In muka shiga zama da bukatar gari gaba ɗaya a bakinmu, ranar da muka kawo tamu ta musamman, kamar ta maƙabarta, za mu sami masu tsaya mana. Wanda ba a ganin sa sai ranar da yake da kuka, kukansa ba ya nisa.

Tarihin noman rani a ƙasar nan ya nuna abin da ke faruwa inda aka rasa wurin zama a yi magana. A Bakalori, cikin watan Afrilu na 1980, rikicin diyyar gonaki tsakanin manoma da hukuma ya ƙare da zubar da jinin mutane da yawa. Mu kuma a Kano mun san abin da ƙaramar magana ke iya zama in aka shafa mata launin addini. Rigimar ruwa ko ta shanu da suka shiga gona, in aka kashe ta a gaban dagaci da ardo da shugabannin ƙungiya tun tana ƙarama, ba za ta kai ga inda ɓata-gari za su hau kanta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jama'a 'yar kaɗan ita ce ta fi kowa asara ranar da gari ya rikice, don haka ita ya kamata ta fi kowa ƙwazo wajen zaman sulhu.

Abin da muke roƙon ikilisiyoyi su yi

Na ɗaya, kowace majalisar dattawa ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu natsuwa da iya magana, waɗanda za su riƙa bin labarin zaman gari da na mazaɓa, su kawo rahoto a taƙaice lokacin sanarwa. Su san sunan kansila, da ranar zaman ƙungiyar ruwa, da ranar rigakafi, da ranar rabon taki.

Na biyu, kowane manomi ya tabbatar da sunansa a rajistar ƙungiyarsa, ya biya kuɗin ruwa kafin a biyo shi, ya fita aikin gayya da kansa. Kada a sami ɗan ikilisiya cikin masu fasa kanal ko satar ruwa da dare. Wanda ya shayar da gonarsa da rabon maƙwabcinsa, sa'an nan ya kawo buhun godiya gaban bagadi da kaka, ya sake tunani. Dattawa su tsawata a kan wannan kamar yadda suke tsawatawa a kan kowace irin sata.

Na uku, a tattara takardun filayen majami'a, gidan fasto, makaranta da maƙabarta. Inda babu takarda, a fara bin hanya tun masu bayarwa da shaidu suna da rai: a je wurin mai unguwa, dagaci da hakimi, a auna fili, a kafa alamar iyaka, a nemi takarda daga ƙaramar hukuma. A ajiye kwafi a wurin shugabannin gunduma.

Na huɗu, duk bukatar da za a kai sakatariya a rubuta ta, da kwanan wata da sa hannu, a riƙe kwafi, a kuma nemi wanda ya karɓa ya buga hatimi. In bukatar ta shafi gari duka, a nemi liman da mai unguwa da shugaban matasa su sa hannu tare da mu. A je da ladabi, a koma da haƙuri, in an yi aiki kuma a koma a yi godiya.

Na biyar, iyaye su yi wa kowane yaro takardar haihuwa, duk wanda ya kai shekara 18 ya yanki katin zaɓe, ya kuma adana shi. Kada a sayar da ƙuri'a saboda taliya ko turmin atamfa. In ɗan takara ya zo gaishe da ikilisiya, a karɓe shi a waje da mutunci, a faɗa masa bukatun gari a gaban jama'a, kada wani ya bi shi bayan mota ya karɓi ambulan da sunanmu.

Na shida, Zumuntar Mata da ta matasa su shiga kwamitin makaranta da na lafiya. Mata ne suka fi kowa sanin ranar da babu magani a asibiti da ranar da malami bai zo aji ba. Matasanmu da suka yi karatu kuma su taimaka wa ƙungiyoyin ruwa da lissafi da rubuta bayanin taro ba tare da neman lada ba.

Ba mu yi alkawarin cewa duk wanda ya bi wannan shawara zai sami abin da yake nema nan take ba. Akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa sau bakwai kafin ta buɗe. Amma a nan aka binne cibiyarmu, a nan kaburburan kakanninmu suke, harshenmu ɗaya da maƙwabtanmu, daga kanal ɗaya muke sha. Ɗan gari ba ya jiran katin gayyata kafin ya je zaman garinsu. Kafin a buɗe ruwan rani mai zuwa, muna roƙon kowace ikilisiya ta sa wannan magana cikin ajandar zaman dattawa, ta kuma aiko mana da labarin abin da ta tarar domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Mu ci gaba da yi wa shugabanninmu addu'a, tun daga mai unguwa har zuwa ciyaman da gwamna, domin Allah ya ba su hikima da riƙon amana. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mu zama masu amfani ga garuruwanmu. Amin.